Rijiyar da Na Ƙi Haƙawa

Na yi shekaru a kudu, a rijiyoyin man fetur, aikina shi ne dama laka. Ita ake turawa cikin rami lokacin haƙa, ta sanyaya bakin ƙarfe, ta fito da ƙasa, ta shafe bango kada ya rufta. Na dama iri-iri, har da yatsu biyu nakan gane ta kirki. Da aka fara Shari'a hankula suka tashi, zaman kudu ya gagare mu, sai na dawo Daura na sayi ƙaramin injin haƙa burtsatse.

Baffana, wan mahaifina, shi ne mai unguwa a ƙauyenmu wajen Zango. Ya ce in haƙa musu rijiya a gefen masallaci. Ƙasar can rairayi ce zalla. Na gwada lakar kududdufi, bango ya zube. Na ce a jira farar lakar buhu daga Kano.

"Ga kashin shanu nan birjik," in ji Baffa. "Da shi masu haƙar hannu ke kaurara ruwa, kuma ba ya rufta musu."

Gaskiyarsa ce, kashin shanun yana riƙe bango, ya ma fi lakar kududdufi. Amma abin da ka tura cikin rairayi ba ya fita duka. Na ce yara za su sha ruwan nan.

Aka kira liman. Ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, alwala ta yi.

"Allah ya gafarta malam, ban ce najasa ba ne. Cewa na yi ba na haƙawa da shi."

Baffa ya ce kudu ta koya mini fitsara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwance injina a gaban jama'a na ɗora a mota. Ya kawo wasu, suka haƙa yadda yake so, ruwa ya fito garau. Ban taɓa jin wanda ya kwanta ciwo saboda ruwan ba, kuma wannan bai sa na sauka ba.

Da sallah na je gaishe shi. Da hannunsa ya miƙo mini kwanon sha cike da ruwan rijiyar, dattawa suna kallo. Kowa ya san abin da ƙin ruwan babba yake nufi. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ajiye a gabansa.

"Baffa, na gode. Ba na sha."

Har ya rasu bai sake kiran sunana ba. Na yi kuka a jana'izarsa, kuka sosai. Alwalar sallar gawarsa kuwa, da ruwan jarkar da na zo da ita daga Daura na yi.