Sai An Ce Masa Shigo

Kwana goma sha ɗaya Kawu ya yi a tafiyar binciken asalin mutumin da nake so, ni kuwa a kwanakin nan sau uku na karance littafi ɗaya. A Kasuwar Oil Mill na tsince shi wurin mai tsofaffin littattafai, bangonsa duk ya yage. Labarin wata yarinya ce da ta kamu da son wani mai shan jinin mutane, wanda ya shekara ɗari uku bai tsufa ba, bai mutu ba.

Nawa saurayin tela ne a Mile 2 Diobu, haifaffen Onitsha, maraya. Hausa a bakinsa, salla a kan lokaci, amma ko shi bai san garinsu a Arewa ba. Baba, da ya tsufa a cinikin albasa da tafarnuwa, ya ce shi ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har ƙasa. A nemo masa wanda ya san inda aka binne uban yaron, in babu, to babu maganar aure.

Zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa, babur ɗin okada na tsayawa a ƙofa in ruga in leƙa. Littafin nan kaɗai ke zaunar da ni, kuma dole in yaba wa marubuciyar, ta san jira. Yadda yarinyar ke kasa cin abinci, take jin haushin kowa ba dalili, kamar a gidanmu aka zauna aka rubuta.

Gwaggo, yayar Baba, ta matsa sai na ba ta labarin mutumin cikin littafin, wata rana muna ɓare tafarnuwa.

"Sana'arsa fa?"

"Ba ya sana'a, Gwaggo."

"Shekara ɗari uku yana zaman kashe wando? Kuma kin ce tafarnuwa yake gudu? To wannan ba surukin gidan nan ba ne."

Abu ɗaya ya burge ta, ba ya shiga gida sai an ce masa shigo. Ta ce nan kam an yi tarbiyya.

Inda littafin ya gaza, cikin shafi biyu kacal yarinyar ta bar uwarta ta bi shi, marubuciyar ba ta ƙara waiwayar tsohuwar ba. A lokacin ban ga gazawa ba, hanya na gani. A rana ta tara aka ce Kawu bai samu kowa a Onitsha ba, ya wuce Enugu. Na zura hijabi, na hau okada sai shagon telan. Na ce masa mu tafi, a ɗaura mana a ko'ina.

Ya ɗauke ƙafarsa daga keken ɗinki, ya daɗe yana kallona.

"Abeg, don Allah ki koma gida. Tun ina ɗan shekara bakwai nake cin abinci a ƙofar gidajen mutane. Ba ke kaɗai nake nema ba, so nake in yi sallama a gidanku a amsa mini. In na ɗauke ki, mun zama marayu biyu ke nan."

Na ji haushinsa ƙwarai, na ji kunya, na yi kuka a bayan mai okada har gida.

Bayan kwana biyu Kawu ya dawo. Ya samu wani tsohon limami a Enugu wanda shi ya wanke uban, ya kuma kai Kawu har kabarin. Da la'asar aka aika a kira telan. Ina leƙe ta taga na ga ya tsaya a bakin ƙofa, takalmansa a hannu, ya yi sallama. Ƙofar a buɗe take, amma bai motsa ba.

Baba ya amsa, ya gyara tabarmar da ke kusa da shi da hannunsa.

"Shigo mana, ɗana. Gidanku ne."