Alalen Leda a Tukunyar Iska

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da girki, akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina, kuma duk sanda na tuna ta sai ɓacin ran ya dawo mini sabo. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji ta daga bakina.

Lokacin ina malamar girki a wata cibiyar koya wa mata sana'a a Ƙanƙara, ina mataki na shida na albashi. A samana akwai shugabar cibiyar, wadda kowa ke kira Hajiya kawai. A ƙasana kuma akwai Inna Hure, mai shara da wanke-wanke. Ita ba ta da mataki ko ɗaya, 'yar wucin gadi ce. Ga wanda bai san tsarin aikinmu ba, bambancin shi ne, ni idan na yi laifi sai an ba ni takardar tuhuma na amsa a rubuce, kwamiti ya zauna. Ita kuwa da baki ake sallamarta. Daga wani ƙauye kusa da Pauwa rashin tsaro ya taso ta, da jikoki huɗu a hannunta, kuma da wannan wanke-wanken take ciyar da su.

A daminar shekarar wata ƙungiya ta ba mu kyautar eya-firaya, wadda ɗalibanmu suka raɗa wa suna tukunyar iska. Aka tura ni Katsina na yi kwana uku ina koyon aiki da ita. Ba wani siddabaru a cikinta. Akwai ƙarfe a sama da ke yin ja don zafi, akwai fanka da ke kaɗo zafin ƙasa, sai kwando mai huji inda ake sa abinci. Dokar da aka ba mu mai sauƙi ce, duk abin da ba zai shiga tanderun burodi ba, kada ya shiga nan. Kofin silba da gwangwanin kek suna shiga, haka tangaran mai jure wuta, muddin an bar wa iska hanya ta gefe. Takardar gashi ta musamman ma tana shiga, amma sai an danne ta da abinci, don in ta tashi sama ƙarfen nan zai cinna mata wuta. Leda kuwa, da kwanon roba, da jarida, da takardar siminti, ko kusa.

Da na dawo na tara kowa na yi bayani. Inna Hure tana daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana saurare. Hajiya kuwa tana danna waya. Na rubuta dokokin na liƙa a bango, washegari Hajiya ta sa aka cire, wai zai ɓata fenti. Halinta ke nan. Kujerun ofishinta har yau da ledar da aka sayo su da ita, kai ka ce za a mayar da su kanti.

Ranar Larabar muna da baƙi, shugabannin mata daga Faskari da Sabuwa, za a nuna musu yadda tukunyar ke aiki. Na zaɓi alale, don abu ne da kowace mace ta sani. Tun da safe na markaɗa wake, na shafa mai a kofunan silba shida, na zuba ƙullun na jera. Aka tayar da janareta. Sai Hajiya ta aike ni tasha in taro matan Sabuwa, don ba su san wurin ba.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi. Hajiya ta shigo kicin ta ga kofunana, duk sun lotse, gindinsu ya yi baƙi. Ta ce wannan abin kunya ne a gaban baƙi. Ta sa Inna Hure ta juye ƙullun a farar leda ta ƙulla, yadda kowace mace ke yi a gida, sannan ta shimfiɗa takardar siminti a kwandon don kada ya ɓaci. Inna Hure ta ce, "Hajiya, Malama hwa ta ce leda ba ta shiga." Hajiya ta ce tun kafin a haifi Malama take dafa alale a leda. Gaskiyarta ne, amma a cikin ruwa take dafawa, kuma ruwan ne ke hana ledar narkewa. Nan kuwa babu ɗigon ruwa.

Tun daga bakin get na ji warin. Na bar baƙin na ruga, na tarar da hayaƙi baƙi yana fita ta bayan tukunyar, na fizge wayar daga bango. Gefen takardar ya tashi ya kama wuta, ledar ta narke ta bi hujin kwandon ta daskare. Matan Faskari da Sabuwa suka tsaya a ƙofa suna toshe hanci da mayafi. A nan, a gabansu, Hajiya ta nuna Inna Hure ta ce, "Kun ga illar jahilci. Tsohuwar nan ce ta yi mana karambani." Ta ce ta ajiye tsintsiya ta tafi, kada ta sake dawowa. Tsohuwar ta ajiye tsintsiyar ta fita.

Da azahar aka miƙo mini takardar tuhuma, a kan in bayyana dalilin da ya sa na bar mai shara ta taɓa kayan cibiya. Hajiya ta kira ni ofis, ta yi mini magana da taushi. Ta ce layi biyu kawai zan rubuta, cewa Hure ta yi gaban kanta ba da sanin kowa ba, ita kuma za ta sa hannu a rufe magana.

Bayan la'asar na je ɗakin da Inna Hure ke haya. Na same ta da yatsu biyu a ɗaure da tsumma. Ashe kafin na iso ta sa hannu za ta ciro ledar da zafinta. Ita ta faɗa mini yadda aka yi, sai da na matsa. Sannan ta ce, "Ɗiyata, rubuta abin da ta ce maki. Ke kina da takarda, kada ki ɓata ta saboda ni. Ni mi gare ni?"

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Matar da ta saurara, ta riƙe, ta yi gargaɗi, ita ce jahila. Wadda ta danna waya lokacin bayani ita ce mai ilimi. Har an kai tsohuwar ta yarda cewa haka ya kamata abin ya kasance.

Na rubuta shafi biyu maimakon layi biyu. Bisa ƙa'ida, idan amsar ma'aikaci ta ambaci shugabansa, ba shugaban ke yanke hukunci ba, dole takardar ta wuce sama. Mako na zagayowa aka turo mana wani jami'i, Malam Sada, dattijo marar son hayaniya. Ya sa aka kira Inna Hure. Ya nuna mata tukunyar ya ce ta gwada masa yadda ta kunna. Ta ja da baya ta ce ita ko butar lantarki ba ta taɓa jona wa wuta ba, tsoro take ji, kuma kowa a cibiyar ya san haka. Ya tambaye ta me ake sawa a ciki. Ta lissafo masa tiryan-tiryan, har da batun barin hanyar iska. Sai ya juyo ya ce, "To wa ya kunna?" Can ɗaya daga cikin ɗalibaina, kanta a sunkuye, ta ce Hajiya ce.

An mayar da Inna Hure bakin aikinta, wannan kam alhamdu lillahi. Amma da rahoton ya fito, cewa aka yi an samu rashin fahimta tsakanin ma'aikata, ba a ambaci sunan kowa ba. Babu wanda ya ba tsohuwar haƙuri, kuma matan da aka kunyata ta a gabansu sun koma garuruwansu da labarin farko. Bayan mako biyu ni kuma takardata ta iso, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Sabuwa, wai ana buƙatar ƙwarewata. Cibiyar da aka tura ni babu wutar lantarki, babu janareta. A murhu mai duwatsu uku na ci gaba da nuna ƙwarewar.

Ranar da zan tafi Inna Hure ta biyo ni tasha da ƙullin tsumma. Kofunan silban nan ne guda shida, ta goge su da toka har suna ɗaukar ido. Ta ce Hajiya ta ba da umarni a zubar, ita kuwa ta ga ba su yi laifin komai ba.

Abin da na koya shi ne, a kicin ɗin aiki sau da yawa wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya fi kowa jin darasi, kuma shi ake fara nunawa idan hayaƙi ya tashi. In kuka zama shugabanni, ku tambayi mai wanke-wanke kafin ku kunna abu. Na ji an sake ba cibiyar sabuwar tukunya. Tana nan a saman kabad ɗin Hajiya, cikin kwalinta da ledarta, ba a taɓa dafa ko ƙwai ɗaya a ciki ba.