Matar da Aka Bari da Kular Abinci

Bara Malam Bilya ya fara ganinta daga bencin mai shayi a New Bell, mace mai jiki rungume da kular abinci. Matan ƙungiyarsu sun tafi tsibiran wajen Manoka kallon birai sun bar ta, wai za ta nutsar da kwalekwale.

Yau ga ta kuma, rigar hana nutsewa a kan leshi, tana waya tana shatar kwalekwalen gaba ɗaya. Bai san sunanta ba, amma da gani shekara guda ta yi tana jiran wannan safiya.

Matan suka iso da murmushi. "Hajiya, akwai wuri?"

Ta ƙare musu kallo. "Désolée, ku yi haƙuri 'yan uwa, kun yi nauyi."