Tankin da Baba Ke Zama a Kai

Har yau ranar da Malam Sani mai faci ya kawo mini tankin iskarsa daga Mairuwa ba ta fita raina ba. Ina shagona na walda a Ƙanƙara, ana gobe kasuwa. Buƙatarsa ƙarama ce: in liƙa wa tankin majingina, domin mahaifinsa, tsoho mai ciwon baya, a kansa yake zama yana hira da masu kawo faci.

Ina shafa ɗinkin waldar tankin, na gane akwai matsala. Ku sababbin shiga sana'ar nan, ku riƙe wannan. Akwai haɗin baki-da-baki, inda ake fere bakin farantan ƙarfe biyu, a yi walda ciki da waje har ta ratsa. Ƙarfinsa ya kusa na farantin kansa. Akwai kuma ɗora-kan-juna, a ɗora wani kan wani a bi gefe ɗaya, wanda rabin ƙarfin ma da ƙyar yake kaiwa. Wanda ya ƙera tankin nan na biyun ya yi, ya goge, ya lulluɓe da shuɗin fenti.

Na ce, "Malam Sani, sai mun gwada shi da ruwa."

Ya ce, "Ruwan mi? Tankin iska ne hwa! So kake ya yi tsatsa? Ni majingina na ce, gobe kasuwa."

Na nuna masa cewa iska in ta fasa tanki ƙarfe take watsawa, ruwa kuwa tsiyaya kawai yake yi. Ya ƙi ji, ya ɗauko igiya zai ɗaure kayansa a babur. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai kewaya tankin nake kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ni ba hukuma ba, balle in ƙwace. Ƙarshe na haye kan tankin, na ce sai dai ya ɗaure har da ni.

Da ya ga haka ya haƙura, muka cika tankin da ruwa, muka sa famfon hannu muna matsa shi. Allurar agogon awon matsi na ɗan wuce inda tankin ke aiki kullum, ɗinkin ya fara gumi, sannan ya tsage tsawon tafin hannu.

Malam Sani ya tsuguna ya sa yatsa a wurin. Ya ɗago kai ya ce:

"Nan daidai Baba ka zama."

Ranar na gane mai kawo aiki fenti kawai yake gani, ɗinkin da ke ƙarƙashi kuwa amana ce a wuyanmu. Tsohon dai na ƙera masa kujera mai ƙafa huɗu, na ce in an sayi sabon tanki a ajiye ta nesa da shi.