Ranar da Aka Ce Dutsen Baba Sada Ya Juya

Jama'a, a gyara zama, a kashe rediyo! Ga tarihin Mai Girma Sada na Mawashi, Sarkin Taurin Kai, Gwamnan Gero da Barkono, mutumin da ko jakinsa ya daina yi masa gardama.

Baba Sada manomi ne, ɗan manomi. Bai taɓa wuce Kankiya ba sai da ciwon haƙori ya kai shi Katsina, ya dawo yana cewa garin ya cika hayaniya. Abin da ya gada gona ce, a tsakiyarta kuma akwai wani baƙin falalen dutse mai zane-zane a murɗe, kamar an matse wanki an manta ba a shanya ba. A gefe guda yake shanya barkono. A ɗaya gefen akwai layin da mahaifinsa ya sassaƙa da kurfi, yana nuna alƙibla. Da damina, idan ƙasa ta zama caɓi, a nan manoman wajen suke sallar azahar, Baba Sada a gaba.

Bana sai ga wata mai binciken duwatsu daga jami'a, Bukola, da hular kwano da injin huda dutse. Ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta mai daɗi, ta roƙi ɗan guntu.

"Ɗiyata, mi za ki yi da dutse? Miya?"

"Baba, wannan da wuta ce, ƙasa ta amayo ta, ta huce. Daga baya aka matse shi har ya nannaɗe. Muna so mu gane ko ya juya daga yadda yake da fari."

Ya ce ta huda inda take so, ban da layin. Ta huda, ta tafi.

To, Yakubu mai shayi yana tsaye a wurin. Kafin la'asar labari ya gama gari: dutsen Sada ya juya, 'yan boko sun auna! In kuwa dutse ya juya, ai layi ya juya. Zainul Abidin, ɗan ƙanen Baba Sada, wanda ba ya ko shan fura sai ya tambayi wayarsa, ya je ya ɗora ta a kan layin. Kibiyar alƙibla ta karkace ta nufi Kusada. Shi ke nan. Sahu ya watse, mutane suka koma shimfiɗa buhu a cikin caɓi.

Baba Sada ya ci gaba da sallarsa shi kaɗai. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: ana cewa tsohonsa ya karkatar da jama'a shekara da shekaru, ga shi yana kabari ba ya iya kare kansa.

Ranar Laraba Zainul Abidin ya zo da guduma da mutane a bayansa, wai a goge layin kada wani ya ruɗu. Baba Sada ya tattara riga ya zauna daram a kan layin.

"Baba, don Allah ka tashi. Waya ba ta ƙarya."

"Wayar da ta ce maka ka ci mota bara? Ina motar?"

Aka kwashe da dariya, amma ba wanda ya koma gida.

"Ubana ya tsaya nan da malamai, suka dubi fitowar rana kafin ya sa kurfi. In za ka fasa, fara da ƙugun nan nawa, shi ma ya tsufa."

Rana ta take, dutse ya yi zafin da zai gasa masara. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, bai ko gyara zama ba. Yana nan har Bukola ta dawo ɗaukar wani guntun, ta tarar da taro. Da aka gaya mata, sai ta dafe hular kwanonta.

"Wayyo! Juyawar da nake nufi, in ma an yi ta, tun babu mutum ne a duniya, ko ciyawa babu. Daga zamanin mahaifinsa zuwa yau babu abin da ido zai gani."

"To wayar fa?" in ji Zainul Abidin.

"Akwai ƙarfe a cikin dutsen, shi ke jan kibiyar. Sauka ka yi nisa."

Ya sauka, ya kutsa cikin gero, ya ɗaga waya. Ya daɗe yana kallonta: kibiya ta dawo daidai da layin. Sai ya ɓoye guduma a bayansa, ya tambaya ko akwai sauran ruwa a buta. Ranar sahu har bakin barkono.

Da aka sallame, ni mai ba ku labarin nan na matsa kusa, na gyara murya.

"Baba, ka san kuwa a kan wutar farkon duniya kake zaune? Duwatsu sun nannaɗe, ƙasa ta juya, kai kaɗai ka ƙi motsi! Sai na sa duniya ta san sunanka."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Ɗaga ƙafarka, kana taka mini barkono."