Jirgin Yaya Ari da Bai Sake Tashi Ba

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Ari, amma har yau in na ji ƙugin wani abu a sararin sama sai na ɗaga kai, sai kuma in tuna babu shi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen Gure sun fi saninsa da Mushe Ari, wato Malam Ari a bakin masu Faransanci, don ya daɗe yana koyar da lissafi a lakol, makarantar boko.

Tun yana yaro burinsa tuƙin jirgin sama. Ya je Yamai ya yi jarrabawa, ya ci komai, amma da aka zo gwajin ido aka ce ganinsa bai kai ba. Ya dawo gida ya kama alli, bai sake yin maganar ba sai da furfura ta fara fito masa.

A lokacin ne wani abokinsa ya aiko masa da ɗan inji da akwatin sarrafawa mai sanduna biyu, irin na ƙananan jiragen da ake tuƙawa daga ƙasa. Ya sassaƙa fukafukai da farin abin nan mara nauyi da ake naɗe firij da shi. Jirgin farko ko tsawon bango bai kai ba ya dawo da ka. Na biyu ya tashi, ya je ya rungumi goruba. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Matarsa Amsatu ta ce masa, “Malam, girma ya kama ka, ka bar wa yara wasan yara.” Ya tattara guntayen a buhu.

Daga baya ya ji cewa masu wannan sha’awa ba a fili suke fara koyo ba, a kwamfuta suke farawa. Akan haɗa akwatin sarrafawa da ita, sai jirgi ya bayyana a kan allo, kana motsa sanduna yana bin umarninka kamar na gaske. In ka yi kuskure ya faɗo ya tarwatse, ka danna maɓalli ya dawo sabo. Ya nemo kwamfuta ya haɗa. Filin da ke cikin allon shar yake da ciyawa, babu iska. Yaya ya ƙara ƙarfin iskar har ƙarshe, wai jirgin da bai san iskar Gure ba bai san komai ba.

Wata rana da la’asar na same shi gaban kwamfutar yana ta faɗuwa yana tashi. Ya miƙo mini akwatin ya ce, “Falmata, gwada.” Jirgin na tafiya gaba na riƙe shi lafiya, yana juyowa ya fuskance ni sai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, na buga shi da ƙasa. Ya ce, “Nan kowa ke faɗuwa. Sai kin manta da inda kike tsaye, kin sa kanki a cikinsa.” Haka ya yi rani da damina yana koyon sauka kaɗai, don a cewarsa tashi kowa ya iya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da ya tayar da jirgi na uku ina wurin. A bakin kwarin da lambun mahaifinmu yake ne. Jirgin ya haura bisa dabinai, ya kewaya tudun yashi, ya dawo ya sauka a gabansa kamar balbela. Masu ban ruwa suka ajiye guga suna kabbara. Yaya kuwa hawaye na bin gemunsa.

Daɗin bai jima ba. Zamani ya riga ya canza, labarin da ke zuwa daga gabas na tashin hankali ne, duk abin da ya tashi sama ya zama abin tuhuma. Jami’an tsaro suka zo gida, cikin mutunci, suka tafi da jirgin, suka ce kada a ƙara. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaya ya koma ga allonsa. Sai ciwon suga ya fara cin idonsa. Yana matso da kujera, yana matsowa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Daga ƙarshe da kunne yake tuƙi, yana sauraron ƙarar injin. Ranar da ya daina bambanta sama da ƙasa ya ce wa Amsatu ta rufe kwamfutar da zane. Bai kai wata damina ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Abin da ya sha wahala a kansa yanzu yana cikin wayar kowa. Amma jirage marasa matuƙi sun zama kayan yaƙi, makiyayi in ya ji ƙuginsu sai ya kora dabbobinsa ƙarƙashin itace. Yashi kuma ya binne rabin lambun da ya yi shawagi a kansa. Ina jin zai yi shiru, irin shirun da ya yi da ya dawo daga Yamai.

Me ya rage? Kwamfutar zafi ya kashe ta, jirgin bai dawo ba, ko hoto ba mu ɗauka ba. Bara dai a kasuwa wani dattijo daga Kelle ya ji ana kirana ƙanwar Mushe Ari, ya tsaya ya ce, “Ƴata, ni na ga jirgin nan da idona. Na gaya wa jikokina ɗan yankinmu ne ya ƙera shi, bai kuma kashe kowa ba. Sun ce tatsuniya nake yi.”

Ba tatsuniya ba ce, Baba. Allah ya jiƙan Yaya Ari, ya haskaka kabarinsa.