Littafin da Baba Makulli Ya Tsare

Shekara goma sha tara Baba Makulli ya yi yana tsaron littafin dokokin jami'a a ofishin kula da ɗalibai. Ni kuwa shekara shida ina buga takardu a teburin da ke kallon nasa. Littafin kwafi ɗaya ne tal, a cikin kabad mai gilashi. Tun ranar da wani ɗalibi ya yage shafi biyu aka ba Baba takardar gargaɗi, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Mai son dubawa sai ya kawo katin shaida, ya sa hannu a rajista, kuma sai ranar Talata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shi kansa bai taɓa karanta shi ba. Turancin ciki ya fi ƙarfinsa, kuma a ganinsa tsaro aka ɗauke shi yi. Mutum ne mai haƙuri har ya ba ka haushi. Ko lokacin da taifot ya kwantar da autarsa ana tsakiyar jarrabawa, ta rasa jarrabawar darussa huɗu aka kore ta daga jami'ar nan, cewa kawai ya yi haka Allah ya so, ya saya mata keken ɗinki.

Sai ga takarda: kwamiti zai zo ya auna yadda ɗalibai ke samun dokokin makaranta. Baba saura shekara biyu ya yi ritaya. Hankalinsa ya tashi, ya daina cin abincin rana, ya goge gilashin nan har na ce zai huda shi.

"'Yata, in suka ga wani lahani a jikin littafin, korata za su yi ko?"

Na ce masa a'a, amma na san abin da ke cikin rajistar.

Shugabar kwamitin, wata malama mai tabarau, ta buɗe rajistar ta ƙirga. Mutum ashirin da uku a shekara goma sha tara. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Shi ya sa littafin yake nan sabo fil, ranki ya daɗe." Wallahi ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Malamar ta kira wata ɗaliba daga baranda, ta ce ta nemo abin da doka ta ce game da wanda ya rasa jarrabawa saboda ciwo, ta duba agogo. Baba ya nemi kati. Ya daɗe yana fama da ƙullin mazagi kafin ya kwance makullin. Minti arba'in kafin yarinyar ta kai shafin.

"Karanta, ki faɗa mana da Hausa," in ji malamar.

"Wanda ciwo ya hana shi jarrabawa, in ya kawo takardar asibiti cikin kwana goma sha huɗu, za a sake masa, ba a kore shi."

Malamar ta rubuta, ta ce babu wanda za a kora daga aiki. Za a cire ƙofar kabad ɗin, a buga kwafi ga kowane sashe, a sa a waya. Na juya in yi wa Baba barka, sai na ga ya zauna a kan kujerar baƙi, wadda bai taɓa zama a kai ba.

Da suka fita ya ce, "'Yata, kwana nawa ta ce?"

"Sha huɗu, Baba."

Ya ƙirga da yatsu, a hankali, sau biyu.

"Rana ta tara aka sallamo Auta. Takardar asibitin tana nan a akwatina har yau."

Ya kwance makullin ya ajiye a kan teburina. Bai sake tambayata zancen aiki ba.